Amsar da Na Ba Likitan Adama

Litinin, 4 ga Agusta, bayan la'asar

Ragowar littafin tsara darasi ne wannan. Makaranta na hutu, ba mai nemansa. Likitan Adama na Kano ya ce in riƙa rubuta ranar da aka yi mata allura da duk abin da ya biyo baya. Wata shida ban rubuta ko harafi ba, don babu abin rubutawa sai alheri. Yau ga ni riƙe da biro.

Kwana tara ke nan zazzaɓi na zuwar mata da yamma. Da safe garau, ta yi shara, ta dama kunu, ta yi wa 'yarmu Hauwa'u faɗa. Ana kiran la'asar sai ta nemi bargo. Na kawo mata maganin maleriya daga kemis, ta shanye, zazzaɓin ya tafi kwana ɗaya ya dawo. Damina ce, kowa na zazzaɓi.

Bari in rubuta daga farko, tunda in mun koma likita zai tambaya. Shekara huɗu Adama ta yi da ciwon gaɓoɓi. Yatsu su kumbura su ƙage, da safe ko buta ba ta iya ɗagawa. Matar da rabin unguwar Limawa ke zaman layi a tsakar gidanta don kitso, sai ga shi 'yar cikinta ma maƙwabta ake kai wa. Mun sha ƙwayoyin kemis, mun sha saiwa, mun sha hayaƙi. Likitan Kano ya ce ba sanyi ba ne, garkuwar jikinta ce ta ruɗe take cin gaɓoɓinta, kuma akwai allurar da ke kwantar da garkuwar. Ziyad, ɗan yayata, Yaya Asma'u, wanda ke aikin asibiti a Saudiyya, shi ke aiko da ita. Sau ɗaya duk mako biyu, a cinya. Allurar na son sanyi, mu kuwa wutarmu sai ta ga dama, don haka a firjin Liyatu maƙwabciyarmu take zama, tsakanin robobin zoɓo, tunda ita tana da sola.

Bayan allura ta uku Adama ta buɗe tafin hannunta a gabana ta rufe, ta buɗe ta rufe, ta ce, "Malam, duba." Ranar ta yi wa Hauwa'u shuku. Uwa na kukan daɗi, 'ya na kukan an ja mata gashi. Ban taɓa jin farin ciki irin na ranar ba, har ranar aurenmu.

Laraba, 6 ga Agusta, da hantsi

Ranar allura. Liyatu ta kawo kwalin da kanta kafin ta wuce sakatariya, ta tsaya a bakin ƙofa tana ƙare wa Adama kallo.

"Baban Hauwa, matarka ta rame fa. Kuma takardar cikin kwalin nan ta ce in da zazzaɓi kada a yi."

Na ce, "Maman Tina, yaushe aka ba ki likitanci? Mu da zoɓo muka san ki."

Ta yi dariya, amma ba ta ji daɗi ba. Adama ta ce a yi mata, akwai biki ranar Asabar, kawuna bakwai ke jiranta, in ta tsallake yatsun za su tuna da ita. Na yi mata a cinyar hagu.

Asabar, 9 ga Agusta, bayan magariba

Kai huɗu ta yi, ta kwanta nan kan tabarmar. Sauran ukun suka tafi da gashinsu a tsefe, suna yi mata sannu suna ɓata rai.

Litinin, 11 ga Agusta, da azahar

Mun je asibiti a nan Dutse. An ɗebi jini, an ce taifot, an ba mu maganin kwana bakwai. Ban taɓa murnar jin sunan ciwo ba sai yau. A kan babur har waƙa na kama kaina ina yi. Taifot kowa na yi.

Laraba, 13 ga Agusta, bayan azahar

Na kira likitan Kano, don dai in fita hakkinsa. Ya tambayi kwana nawa zazzaɓin ya yi, na faɗa. Ya ce, "Kuma ka yi mata allura a kai?" Ya ce a tsayar da ita nan take, a sake hoton ƙirji, a gwada kaki. Na ce ai ba ta tari, sai ɗan gyaran murya. Ya ce da wannan allurar ba lallai a ga tari ba.

Sai ya ce, "Malam, ka tuna tambayar da na yi maka a watan Fabrairu?"

Na ce na tuna.

"Amsar tana nan yadda ka ba ni?"

Na ce tana nan.

Ba zan rubuta fiye da haka ba yau.

Alhamis, 14 ga Agusta, da safe

Hoton ƙirji bai nuna komai ba, kaki kuwa babu shi balle a gwada. Ka ji ko? Bai nuna komai ba.

Na dawo na same ta tana shanya zanen gado, jiƙe sharkaf kamar an tsamo shi daga rijiya. Kullum haka yake wayar gari yanzu. Ba ta juyo ba ta ce, "Malam, irin zufar Inna ce."

Na ce, "Ki daina wannan maganar."

"Ka gaya wa likitan."

"A bari maganin taifot ɗin ya ƙare mu gani."

Ta ce to. Adama ba ta taɓa musu da ni sau biyu a kan magana ɗaya ba, abin da nake yi wa abokai alfahari da shi ke nan.

Juma'a, 15 ga Agusta, bayan sallah

Na je masallaci na dawo, ban san a kan me aka yi huɗuba ba.

Lahadi, 17 ga Agusta, da hantsi

Ruwa ake tun asuba, ba fita. Tana barci. Bari in rubuta, tunda takarda ba ta da dangi.

Shekara goma sha biyu da suka wuce, ina neman auren Adama a Buji, Innarta na kwance a ɗakin ƙurya. Wata takwas tana tari tana ramewa, daga baya har da jini. Adama ce ke kwana da ita, ita ke zubar da gwangwanin kaki. Taga ɗaya ce a ɗakin, ita ma an toshe da tsumma kada sanyi ya shiga. A gari ana cewa sanyi ne ya kama mata ƙirji. Sau ɗaya aka kai ta asibiti, can aka faɗi sunan abin, ni na karanta takardar don ni ne ɗan boko. Tarin fuka.

Bayan rasuwarta Baba Arzika, mahaifin Adama, ya ja ni bayan rumbu. Ya ce, "Malam Abdurrahim, ka ga abin da ka gani. 'Ya'yana mata huɗu. In aka ce gidan masu tarin fuka ne, ko ruwa ba za a sha a ƙwaryarmu ba, balle a zo neman aure. In ka fasa ba ka yi laifi ba. In ka ci gaba, to amana ce." Na ce na ɗauka. Ranar na ji kaina wani babban mutum. Ko mahaifiyata ban gaya wa ba har ta koma ga Allah.

A watan Fabrairu mu uku muka shiga ofishin likitan Kano, ni da Adama da Yaya Asma'u. Yaya ta ce allurar ɗanta ce, sai ta ji bayani da kunnenta. An yi hoton ƙirji, fes. An yi gwajin fata, bai tashi ba. Likita ya ɗauki biro ya ce allurar nan tana kwantar da garkuwar jiki, in akwai ƙwayar tarin fuka da ta daɗe a kwance, tana iya tashinta. Ya ce, "Ta taɓa zama da mai shi? A gidansu ko a naku?"

Ni ya kalla, tunda ni ne miji. Yaya ta riga ni, "A'uzubillahi! Mu a zuri'armu?" Sannan ta juyo tana jiran in amsa na ɓangaren surukaina. Na ga fuskarta in ta ji cewa shekara goma sha biyu na ɓoye mata gidan da na auro. Na ga ba za ta ƙara cin tuwon Adama ba.

Na ce, "Babu."

Adama na kallon takalminta. Likita ya ja layi a takarda, ya wuce tambaya ta gaba.

Na ce wa raina, shekara goma sha biyu, ga hoto ya fita fes, me ya rage? Ranar Laraba kuma da ya sake tambaya, ba Yaya a kusa, ba kowa. Kunya ce kawai, kada a ce malamin makaranta ya yi ƙarya. Tir da ni. Gobe zan kira shi.

Litinin, 18 ga Agusta, da yamma

Ban kira ba. Ta ji sauƙi yau, ta ci tuwo da miyar kuɓewa har ta nemi ƙari. Wataƙila taifot ɗin ne da gaske.

Laraba, 20 ga Agusta, bayan azahar

Ciwon kai. Ta ɗaure shi da ɗankwali tamau, ta sa an sauke labule, wai haske na soka mata ido. Da na shiga ta lumshe ido ɗaya ta ce, "Malam, ku biyu nake gani. Ɗayanku ma da ƙyar nake iyawa da shi." Na yi dariya don ta ji daɗi. Na fito tsakar gida na zauna a kan turmi.

Yatsunta sun fara kumbura, zoben da ta mayar a watan Afrilu ya kama naman.

Juma'a, 22 ga Agusta, da hantsi, a asibiti

Jiya da safe Hauwa'u ta kai mata kunu, ta dube ta ta ce, "'Yar gidan wa ce wannan?" Yarinya ta fito da gudu ta faɗa jikin Liyatu. Mijin Liyatu ne ya kawo mu a motarsa. Wuyan Adama ya sandare, ba ya sunkuyawa.

Likitar da ta karɓe mu mace ce, ƙarama, ba za ta girmi wasu ɗalibaina na farko ba. Tana jin sunan allurar ta ajiye biro. Ban bari ta tambaya ba. Na ja ta gefe a baranda na faɗa mata duka, ɗakin ƙurya, gwangwani, wata takwas. Ta ce, "Tun yaushe ka sani?" Na ce tun kafin in aure ta. Ta dube ni, ta juya da sauri tana kiran ma'aikatan jinya.

Sun ce za su ɗebi ruwa a ƙashin bayanta. Ni da na sha gaya wa mutane cewa ba wannan ke kashe mutum ba, da aka miƙo mini takardar sa hannu sai da biro ya faɗi.

Asabar, 23 ga Agusta, bayan la'asar

Shi ne. Ya wuce ƙirji, ya hau lulluɓin ƙwaƙwalwa. An fara mata magani jiya tun kafin sakamako ya fito.

Likitan Kano ya kira da kansa. Da ya zage ni da na ji sanyi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ƙananan fararen ƙwayoyin nan na kemis da ta daɗe tana sha suna iya hana gwajin fata tashi, shi ya sa suke tambaya da baki. Ya ce mutane da yawa na kan allurar nan lafiya ƙalau. Na ce, "Likita, da na faɗa fa?"

Ya ce, "Da mun fara ba ta maganin kashe ƙwayar, mu jinkirta allurar wata ɗaya ko biyu. Shi ke nan."

Wata ɗaya ko biyu. Ta yi shekara huɗu tana jira.

Lahadi, 24 ga Agusta, da azahar

Yaya Asma'u ta zo da kwanon fura, ba mai sha. Ta leƙa ɗakin ta fito ta zube a baranda tana kuka. An ce mata ciwo ne a lulluɓin ƙwaƙwalwa, ita kuma ta ce sanƙarau, na bar ta a kan haka. Abin da ta riƙe shi ne allura ce ta jawo.

"Audu, ni na kashe maka mata. Ni na matsa wa yaron nan ya aiko. Ziyad ya kira sau biyar, kuka yake kamar mace."

Na ce, "Haba Yaya, ƙaddara ce."

Ina tsaye ina kallon yayata na ɗaukar kayan da nawa ne, har ina taya ta gyara gammo. Na tsani kaina.

Talata, 26 ga Agusta, da safe

Ba ta farka ba. Ta hanci ake ba ta maganin.

Alhamis, 28 ga Agusta, bayan la'asar

Baba Arzika ya zo daga Buji tare da autarsa Sa'adiya, ƙafarsa duk taɓo, daga gona ya hawo mota. Ya daɗe tsaye a kan Adama yana addu'a. Da muka fito ya ce mu koma ƙarƙashin darbejiya.

"Malam Abdurrahim, me suka ce?"

Na gaya masa gaskiya. Na ce kuma likita ta ce duk wanda ya zauna da Inna a lokacin ya zo a gwada shi, har da shi, har da Sa'adiya, don ita ma a ɗakin take kwana tana ƙarama.

Yana murza carbi ya ce, "Na ji yayarka na cewa sanƙarau."

"Haka ta ɗauka, Baba."

"To a bar shi a sanƙarau. Uku sun tafi ɗakinsu lafiya, saura ɗaya. Da an cire amfanin gona za a ɗaura wa Sa'adiya da ɗan Malam Isah. In aka gan mu a layin masu tari an gama. Ka riƙe mini shekara goma sha biyu, Allah ya yi maka albarka, wata uku ba za su gagare ka ba."

Sau uku ya yi tari muna maganar, busasshe, yana kare baki da hannun riga. Na ce to. Wallahi na ce to.

Asabar, 30 ga Agusta, da hantsi

Ta buɗe ido yau, ta gane ni. Idon hagu ya karkace, amma Adama ce. Ta tambayi wa ke yi wa Hauwa'u kitso, na ce Maman Tina. Ta ce, "Kaico, kan yarinya zai koma kamar gonar gyaɗa." Sai ta ga ina kuka.

Na ce, "Ki yafe mini. Ni na ce babu."

Ta yi ƙoƙarin kama hannuna, yatsun suka ƙi lanƙwasawa, sai ta ɗora shi kawai a kan nawa.

"Ni ma ina wurin, Malam. Ina da baki."

"Ni aka tambaya."

"In ƙaryata ka a gaban Yaya?" Ta lumshe ido har na ɗauka ta koma suma. Sannan ta ce, "Amma na yi kitso wata shida. Ka gaya wa Ziyad na gode."

Likita ta ce kada in ɗora rai a kan farkawar nan. Na ɗora.

Litinin, 1 ga Satumba, da yamma

Jijjiga sau biyu. Ba ta ƙara magana ba.

Talata, 2 ga Satumba, da safe

Ya Allah.

Laraba, 3 ga Satumba, bayan la'asar

An kai ta bayan azahar. Ƙasa jiƙe take, masu haƙa ba su sha wahala ba. Liyatu ta aiko tambayar yadda za ta yi da allura biyun da suka rage a firji. Ban ba ta amsa ba.

Juma'a, 5 ga Satumba, bayan magariba

Yau kwana uku. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mutanen Buji sun zo mota guda. Baba Arzika na zaune a hannun damana. Yaya na daga soro, ina jin sheshshekarta, tun shekaranjiya duk wadda ta shigo sai ta gaya mata ita ta kawo allurar.

Aka yi addu'a aka shafa. Malam Isah, wanda ɗansa zai auri Sa'adiya, ya gyara zama ya ce, "Malam Abdurrahim, Allah ya ba da haƙuri. Amma abin da mamaki. Mu mun san sanƙarau da zafin bazara, ban taɓa jin sa da ruwa a sama ba. Shi ɗin ne kuwa?"

Baba ya dafa gwiwata a hankali. Tari ya taso masa, ya haɗiye shi.

Na ce, "Tarin fuka ne."

Na ce ta same shi tun tana jinyar Innarta. Na ce likita ya tambaye ni kafin a fara allura, na ce babu, kuma na sani. Na ɗaga murya don a ji a soro. Na ce duk wanda ya zauna a gidan ya je a gwada shi, ana warkewa in an faɗa da wuri.

Mutumin da ke hagun Baba ya ɗan ja jikinsa. Baba ya ɗauke hannunsa daga gwiwata, ya miƙe, ya nemi takalmansa a cikin tarin takalma, ya daɗe bai gane su ba. Bai yi mini sallama ba. Malam Isah ma bai jira abinci ba. Yaya ta daina kuka, ta wuce ta gabana da mayafinta ba ta dube ni ba.

Sa'adiya ce kaɗai ta leƙo bayan an watse, idonta jawur, ta ce, "Yaya Malam, ƙarfe nawa ake fara gwajin?" Na ce takwas, ranar Litinin, da Hauwa'u za mu je. Ban sani ba ko na rusa mata aure.

Kalma uku ce. Numfashi ɗaya ya ishe ni faɗarta. A watan Fabrairu ma tsawonta ke nan.